Wane irin allo zan saro idan igiyar ruwan ba ta da ƙarfi?

Wani ɗan kasuwa ya turo tambaya, ya ce yana son buɗe wajen ba da hayar allunan hawa igiyar ruwa a bakin teku, amma igiyar wurin ƙarama ce ba ta da ƙarfi, jarin kuma ba yawa, ga dillali ya matsa masa ya sayi gajerun allunan nan masu tsini irin na 'yan gasa.

Toh ɗan uwa, don Allah kar ka zuba kuɗinka a gajerun nan. Igiya mara ƙarfi ba ta iya tura siririn allo, kwastoma zai yi ta tuƙi da hannu har kafaɗa ta gaji igiyar ta wuce ta ƙarƙashinsa ta bar shi a kwance, kuma wanda ya biya kuɗin awa guda bai miƙe tsaye ko sau ɗaya ba ai gobe ba za ka gan shi ba.

Abin da za ka fara tambaya shi ne lita nawa ne allon, domin da lita ake auna jikinsa kuma ita ke sa ya taso saman ruwa. Gajeren allo yawanci lita 25 zuwa 35 ne, shi kuwa na soso, wato mai laushin jiki na 'yan koyo, mai tsawon ƙafa 8 yana kai 70 zuwa 90, kaga tazarar ba kaɗan ba ce. Sannan ka kwantar da shi a ƙasa ka duba ta gefe, idan hanci da wutsiya sun ɗaga sosai ka bar shi, shimfiɗaɗɗe mai faɗi shi ke gudu a ƙaramar igiya.

Ni da jarin a hannuna yake, mafi yawansa na soso zan saya masu ƙafa 8 da 9, sun fi sauƙin kuɗi kuma ko sun bugi ɗan koyo raunin bai kai na mai tauri ba, wannan ma kariya ce ga sunan kasuwancinka. Sai dogon allo mai tauri guda biyu, da gajere mai faɗi mai tsagaggiyar wutsiya wanda ake cewa fish ko guda ɗaya saboda waɗanda suka iya.

Kar ka cinye jarin duka a alluna fa. Ware na igiyar ɗaure ƙafa, da fikafikan ƙasa don su ke yawan karyewa, da rumfa, zafin rana yana sa fatar allo ta kumbura ta rabu da soson ciki. In ka sayi na epoxy, wato allo mai tauri da aka shafe da ƙaron epoxy, ka ja kunnen mai gyara ya liƙe da epoxy, ƙaron polyester narkar da soson ciki yake yi. Na hannu ma ba laifi in ka ɗaga ka ji bai yi nauyin shan ruwa ba, ka danna da yatsa ko'ina ba inda ya lotsa.