Injin gurza mai araha: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An yaye ni daga shagon walda, ina son buɗe nawa a unguwar Zariya, nan Maradi. Maigidana ya ba ni tsohon injin waldarsa, saura injin yanka da gurza ƙarfe da kuma na huda. Na zaga Babbar Kasuwa na ga 'yan Sin irin su Ingco da Total, kuɗinsu bai kama ƙafar na Bosch ko Makita ba. Maigida ya ce araha ba ta ado, ni kuwa jarina bai taka kara ya karya ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a sabon shago, ƙanena.

Kafin farashi, duba awa nawa kowane inji zai yi yana juyi a yini. A shagon walda, na huda sai jefi-jefi ake ɗaukarsa: ramin kusa a jikin ƙofa, wurin makulli, shi ke nan an ajiye. Wannan sayi mai araha, zai kai ka. Injin gurza kuwa tun safe yana hannunka har la'asar, shi ne mai ciyar da kai. A kansa za ka zuba ƙarfin kuɗinka.

Dalili yana cikin ciki. Abin da ke juya injin waya ce aka nannaɗe a jikin amecha, wato ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar injin. Masu neman karya farashi sukan rage kaurin wayar, ko su sa ta alminiyom maimakon jan ƙarfe. Alminiyom kuwa wutar da yake ɗauka kusan kashi 60 cikin 100 ce ta wadda jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, saboda haka ya fi saurin zafi. Haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, da ƙurar hunturu da garin ƙarfen da injin ke shaƙa ta kafofin iska. Ga kuma wutar kamfanin lantarki na NIGELEC, da ya kamata ta zo da ƙarfin volt 220 amma wani lokaci ta zo da rauni, kai kuma ka danna inji a kan ƙarfe mai kauri. Fentin da ke rufe wayar ya narke, ka ji ƙauri, amecha ta tafi.

Sai dai masu arahar ma suna suka tara. Akwai kamfanin da ke sayar da kaya da sunansa, da lambar samfuri, da kayan gyara. Akwai kuma jabu, wanda aka manna wa sunan babban kamfani alhali ba nasa ba ne. Ni a ganina gara ɗan Sin mai amsa sunansa da "Makita" mai kuɗin goro. Lambobin jikin kwali ma suna tona asiri. Ƙaramin injin gurza, wanda faɗin faifansa na yanka ƙarfe milimita 115 ne, yawanci ƙarfinsa tsakanin wat 700 ne zuwa 900. In ka ga an rubuta masa 2,000 ko 3,000, ajiye ka wuce. Wat 2,000 na babba ne, mai faifan 230. Haka na batir: 18V da 20V abu guda ne, ƙwayoyi biyar ne a jere, amma ɗan injin hannu da aka rubuta wa 88V zance ne kawai.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko dala. Kafin ka biya, je wurin masu naɗin koyil, wato masu sake nannaɗe wayar injin da ya ƙone, ka faɗa musu sunan injin da lambarsa, ka tambaya ko ana samun gawayinsa (ƙananan baƙaƙen guntayen da ke gugar amecha suna kai mata wuta) da boris (zoben da sandar inji ke juyawa a ciki) da amecha a nan, ko aƙalla a Katsina ko Kano. In sun ce akwai, saya. In sun taɓe baki, to ranar da gawayin ya cinye, inji ya zama na 'yan gwangwan.

A shagon mai kaya kuma kada kunya ta hana ka cewa a jona maka. Bar shi ya yi minti guda yana juyi. Leƙa ta kafar iskar baya: ɗan tartsatsi ƙanana a bakin gawayi ba laifi, amma in wuta na zagaye amecha kamar zobe, akwai matsala. Cire shi daga wuta, ka kama sandar da faifai ke zama ka girgiza. In tana wasa, boris ɗin ba shi da kirki. Saurari kan injin ma, ƙarar haƙoran da suka zauna daidai daban take da ta masu cin juna. A yi ciniki a kan cewa in ya ƙone cikin 'yan kwanaki za a musanya, a rubuta a rasit.

Wuri ɗaya ne ban yarda a nemi sauƙi ba: faifai. Ƙaramin injin nan yana juyi kusan sau 11,000 a minti, babban kuwa wajen 6,500. Kowane faifai an rubuta iyakar juyin da zai ɗauka, kuma na kirki akwai ranar ƙarewarsa a jikin zoben ƙarfen tsakiya, domin ƙaron da ya haɗa shi yana tsufa. Al'adar nan ta cire murfin kariya a ɗaura ragowar babban faifai a ƙaramin inji, ita ke kai yaran shago asibiti da tsagaggiyar fuska. Kada ka fara, kuma ka sayi tabarau tun ranar farko.

In kuɗin bai kai sabon na kirki ba, nemi na hannu na asali, ka tafi da mai gyara ya buɗe ya duba amecha. In shi ma ya gagara, ɗauki mai arahar da ke da kayan gyara, ka haɗa da gawayi na ajiya. Kada ka danne shi, bar faifai ya ci da kansa. In jikinsa ya yi zafi, bar shi ya ɗan yi juyi babu aiki don fankarsa ta sanyaya shi, kuma duk yamma a hure masa ƙura. Ribar ƙofofin farko ka fara tara ta don babban mai faifan 230, domin da an kawo maka aikin ƙofar gida za ka neme shi.