Amsa: Hana sare itace kaɗai zai ceci daji?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dokar hana sare itatuwa za ta isa ta kare dazuzzuka. A ganina ba za ta isa ba. Matar ƙauye da ke neman abin hura wuta ba ɓarna ta fito yi ba, girki za ta ɗora. In an hana ta da rana ba a ba ta madadi ba, da dare za a sara.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne a damƙa wa mazauna gefen daji kula da shi. A ƙasar Nefal, dokar gandun daji ta 1993 ta ba ƙungiyoyin ƙauyuka wannan iko: su ke tsara inda za a sara, da inda za a bari kututture ya sake toho. Duwatsun da suka yi ƙwal sun sake yin duhu da bishiyoyi.

Sai batun murhu. Na duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, ga hayaƙin da ke cin huhun mata da yara. Ingantaccen murhu yana rage cin itace, amma sai in an ƙera shi daidai da tukwanen masu gidan, kuma akwai mai gyara a kusa.