Me Ya Sa Sarakunan Saudiyya Duk Ubansu Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya sauke farali a zamanin Sarki Faisal, ni na je a zamanin Sarki Abdullahi, ɗana kuma ya yi Umara a zamanin Sarki Salman. Sai aka ce mini duk ukun nan ubansu ɗaya. Yaya aka yi sarauta ta daɗe haka tsakanin wa da ƙane ba ta sauka kan 'ya'ya ba? Kuma wace doka ta ba Salman damar tsallake sauran dangi ya naɗa ɗansa yarima mai jiran gado? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Tun da Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa ƙasar Saudiyya ta yanzu, ya rasu a 1953, mutum 6 suka hau karagar Saudiyya: Sa'ud, Faisal, Khalid, Fahad, Abdullahi da Salman, kuma kowannensu ɗan cikinsa ne.

Abin da ya sa hakan ta yiwu tun farko shi ne yawan zuriya. Abdul'aziz ya yi aure-aure a manyan gidaje da ƙabilu, wani auren ma na ƙulla zumuncin siyasa ne, ya bar 'ya'ya maza sama da 30 da suka kai ga girma. An haifi Sa'ud a 1902, an haifi Mukrin, ɗaya daga cikin ƙananan 'ya'yan, a 1945. Shekara 43 ke nan tsakanin wa da ƙane, wato a shekaru Sa'ud ya isa ya haifi Mukrin har da ragi. Gida irin wannan sai a shekara 70 ana zagayawa ba a taɓa jika ba.

Amma yawa kaɗai bai isa bayani ba, akwai tabon da gidan bai manta ba. Kakan Abdul'aziz, Imam Faisal bin Turki, ya rasu a 1865, sai 'ya'yansa Abdullahi da Sa'ud suka shiga yaƙar juna kan sarauta. Suna cikin wannan rigima gidan Al Rashid na garin Ha'il ya yi ƙarfi, zuwa 1891 mulki ya suɓuce gaba ɗaya, mahaifin Abdul'aziz ya kwashi iyalinsa suka ƙare a Kuwait. Abdul'aziz yana matashi ya ɗanɗani zaman gudun hijira, sai a 1902 ya dawo ya ƙwace Riyad. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya naɗa Sa'ud magajinsa tun 1933, kuma kowa a gidan ya san Faisal ne zai biyo. Hikimar ita ce, ɗan sarkin da ya san layi zai iya isowa kansa ba ya saurin zare takobi.

Duk da haka sai da wa da ƙanen nan suka gwabza. Zamanin Sa'ud baitulmali ya yi ƙasa, bashi ya taru, a 1958 manyan gida suka matsa masa ya miƙa wa Faisal tafiyar da gwamnati. Ya karɓe abinsa a 1960, aka yi ta ja-in-ja, har a Nuwamban 1964 manyan 'ya'yan sarki suka haɗa baki, malamai suka ba da fatawa, aka tuɓe Sa'ud aka yi wa Faisal mubaya'a. Sa'ud ya rasu a ƙasar Girka a 1969. Wannan tuɓewa ita ta koya wa kowa darasin da aka daɗe ana aiki da shi: sarki yana kan gado ne muddin 'yan'uwansa sun yarda da shi.

A nan mutane da yawa ke kuskure, suna zaton ana bin shekaru ne sak. Ba a taɓa bi ba. Muhammadu bin Abdul'aziz ya girmi Khalid, uwarsu ma ɗaya, amma ya janye ya bar wa ƙanensa a 1965. Lokacin da aka ɗora Fahad a layi akwai yayyensa a raye, aka tsallake su. Ana duba shekaru, ana duba gogewa a gwamnati, ana duba dangin uwa, sannan ana duba ko mutum yana da shaƙiƙai da za su tsaya masa. Shi ya sa za ka ji ana maganar Sudairawa bakwai, 'ya'yan Hassa bint Ahmad al-Sudairi: Fahad, Sultan, Abdurrahman, Nayif, Turki, Salman da Ahmad. Ɗaki ɗaya ya fitar da sarki 2 da wasu yarima masu jiran gado 2. Duk wanda ya tashi a gidan mata da yawa ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Mu ma abin bai zama baƙo a tarihinmu ba, don a Sakkwato da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837 ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi, sai bayan Atiku sarauta ta koma ga Aliyu Babba ɗan Bello.

Abin da ya riƙe tsarin, a ganina, rabon bindiga ne. Sultan ya riƙe ma'aikatar tsaro tun farkon shekarun 1960 har ya rasu. Abdullahi ya riƙe rundunar da ake kira Haras al-Waɗani, wato dakarun tsaron ƙasa da ba sa ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, kusan tsawon wannan lokaci, daga baya ta koma hannun ɗansa Mut'ib. Nayif ya riƙe ma'aikatar cikin gida daga 1975, daga baya kujerar ta koma hannun ɗansa Muhammadu. Gidaje uku, kowanne da dakarunsa, babu mai iya haɗiye wani. Dole a zauna a yi shawara.

Batun doka kuwa, sai a 1992 Sarki Fahad ya fitar da ita a rubuce. Sashe na 5 na dokar mulkin ya ce sarauta ta 'ya'yan Abdul'aziz ce da 'ya'yan 'ya'yansa, ana yi wa wanda ya fi cancanta mubaya'a a kan Littafin Allah da Sunnar Manzonsa, kuma a yadda aka rubuta ta a lokacin, sarki ne ke naɗa magajinsa da sauke shi. Ka lura da abu biyu: an buɗe wa jikoki ƙofa tun a lokacin, kuma ba a ce mafi shekaru ba. A 2006 Sarki Abdullahi ya ƙara da kafa Majalisar Mubaya'a, inda kowane reshe na 'ya'yan Abdul'aziz ke da kujera. A takarda, sarki zai gabatar da suna ɗaya zuwa uku, majalisa ta amince ko ta kawo nata, har tana da hurumin sa likitoci su duba ko sarki yana da lafiyar yin mulki. Ta yi kama da masu zaɓen sarki a wajenmu, bambancin shi ne su waɗannan duk 'yan gidan sarautar ne, masu zaɓe su ne kuma masu neman.

Tsufa ne ya karya tsarin. Fahad ya kamu da shanyewar jiki a 1995, Abdullahi ya riƙe ƙasa shekara 10 kafin ya zama sarki a 2005. Shi kuma Abdullahi ya binne magadansa biyu a jere: Sultan a Oktoban 2011, Nayif a Yunin 2012. Tsoho ke jiran gadon tsoho. Da Abdullahi ya rasu a Janairun 2015 aka kai shi maƙabartar Al-Ud a Riyad a ranar, cikin kabarin da ba shi da suna kamar na kowa, Salman ya hau yana dab da shekara 80.

Daga nan abubuwa suka yi gudu. Da Salman ya hau, Mukrin ne ya zama yarimansa, kamar yadda Abdullahi ya tsara. Wata 3 kacal, a Afrilun 2015, aka sanar cewa Mukrin ya nemi a sauke shi. Aka ɗora Muhammadu bin Nayif, jika na farko da ya kai wannan matsayi, aka sa Muhammadu bin Salman mataimakinsa. Ranar 21 ga Yunin 2017, cikin goman ƙarshe na azumi, aka sauke Bin Nayif daga yarimanci da ma'aikatar cikin gida a lokaci ɗaya. Talabijin ɗin gwamnati ya nuna su biyun: ƙaramin ya durƙusa yana sumbatar hannun babban, babban yana yi masa mubaya'a. Fadar ta ce mutum 31 cikin 34 na majalisar sun amince. A Nuwamban wannan shekara aka cire Mut'ib daga rundunarsa, aka tsare shi tare da wasu 'ya'yan sarauta da attajirai a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad da sunan yaƙi da cin hanci. Bindigogin nan uku da na ambata suka koma ƙarƙashin gida ɗaya. A Satumban 2022 kuma aka ba yariman kujerar firaminista, wadda a al'ada sarki ne ke riƙe ta.

Saboda haka, Alhaji, Salman bai taka doka ba. Dokar 1992 ta buɗe wa jikoki ƙofa, majalisa kuma ta sa hannu. Abin da ya ajiye shi ne al'adar lallashin kowane ɗaki kafin a yanke magana. Ni dai ban ɗauki ƙuri'ar 31 a matsayin zaɓe ba, na fi kallonta a matsayin shaidar abin da aka riga aka gama.

Akwai wani gyara da aka yi a ranar da aka naɗa yariman wanda ba a cika kula da shi ba. An ƙara a sashe na 5 cewa bayan 'ya'yan Abdul'aziz, sarki da yarimansa ba za su fito daga reshe ɗaya ba. Ma'ana, in Muhammadu bin Salman ya zama sarki, a yadda dokar take a rubuce ba zai naɗa ɗansa ko ƙanensa ba, sai dai ya nemo daga gidan wani baffansa. An yi wannan ne don a kwantar da hankalin sauran dangi. Sai dai da umarnin sarki aka rubuta gyaran, da umarnin sarki kuma ake iya goge shi. Maƙwabciyarsu Oman ta nuna yadda hakan ke da sauƙi: Sultan Haisam ya hau a Janairun 2020, shekara ɗaya bayan haka ya fitar da sabuwar doka cewa babban ɗan sarki ne magaji. A Saudiyya kuwa, da Muhammadu bin Salman ya tashi daga kujerar mataimakin yarima a 2017, ba a naɗa kowa a gurbinsa ba.