Lasifikokin bayan mota sun fara kwarkwar, ko sai na canza rediyon ma?

Ɗan'uwa, ka ce lasifikokin bayan Corolla ɗinka sun fara kwarkwar, kana tambaya ko sai ka sauya rediyon kamfani gaba ɗaya. A'a, bar rediyonka a wurinsa.

Ka fara da leƙa su. Zafin garin Garwa a watan Afrilu ba wasa ba ne, musamman ga lasifikar da ke ƙarƙashin gilashin baya, rana na dukanta kullum. Soson da ya zagaye bakinta shi ke fara rubewa. Tawa da na ciro, ina taɓawa ya marmashe a yatsana kamar busasshen ƙosai. Don haka in za ka saya, nemi mai bakin roba, ta fi jure rana da ƙurar hunturu.

Ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita kasuwa don girma da zurfi su dace. Ka duba om ɗin da aka rubuta a bayanta, wato ma'aunin juriyar lantarki, don sabuwar ta zo daidai: yawanci om 4 ne, amma motar da ta zo da amfilifaya tun daga kamfani kan yi amfani da om 2. Kada mai shago ya ruɗe ka da wat ɗari-ɗarin da ke jikin kwali, rediyon kamfani ba ya ba da ko kusa da haka.

Biyun za ka canza tare. Wajen haɗa waya kuma, ka ɗan taɓa ƙaramin batir mai bolt 1.5 a ƙafafun lasifikar. In takardar fuskar lasifikar ta turo waje, ƙafar da ke kan filas (+) ɗin batir ita ce filas. In ka juya wayoyin lasifika ɗaya, gangar kiɗan za ta yi sanyi, ka zaci kayan jabu aka sayar maka.