Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gwajin jini na neman haihuwa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta abin da kika rubuta: shekara biyu da aure babu ko ɓatan wata, al'adarki tana wasa, wani wata ta zo da wuri wani ta makara, kuma an ba ki shawarar ki je a ɗebi jininki a duba sinadaran haihuwa. Kina son sanin wanne za ki yi, da yaushe. Allah ya kawo miki mai albarka. Na bi wannan hanyar kafin Allah ya ba ni nawa, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba.

Kada ki fara da ɗakin gwaji. Ki fara da likitan mata, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha, shi ya rubuta miki abin da ya dace da ke. Mata da yawa a nan Sakkwato suna zuba kuɗi a yi musu gwajin gaba ɗaya a rana guda, su dawo da takarda cike da lambobi, likita ya duba ya ce a sake. Dalili kuwa, waɗannan sinadaran hawa da sauka suke yi a cikin wata, kowanne da ranar da ake kama shi.

Lissafin ba baƙo ba ne gare mu, tunda kowace mace tana ƙirga kwanakin hailarta saboda salla da azumi. Ranar da jini ja ya zubo sosai ita ce rana ta ɗaya, ba ranar ɗigo-ɗigo ba. FSH da LH da estradiyol ana ɗibarsu tsakanin rana ta 2 zuwa ta 5, kina cikin jini ke nan, kuma babu wata matsala a hakan. Su ne ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ga ma'ajiyar ƙwai da yadda take amsawa. Idan FSH ya hau sosai, alama ce ƙwai sun fara ƙaranci.

Inda aka fi yin kuskure shi ne furojestaron, wanda ke tabbatar da ko kin saki ƙwai a wannan watan. Za ki ji kowa yana cewa rana ta 21. Wannan na mai zagayen kwana 28 ne kawai. Ƙa'idar ita ce kwana bakwai kafin al'ada ta gaba. Mai zagayen kwana 35, rana ta 28 ce tata. Idan ta je ranar 21, sakamako zai fito ƙasa, a ce mata ba ta sakin ƙwai, ta koma gida tana kuka alhali lokacin ne bai yi ba. Na ga wannan ya faru da mata fiye da ɗaya, kuma har yau abin yana sosa mini rai. Ke da taki ke wasa, mai yiwuwa likita ya sa a maimaita bayan mako guda har a kama shi. Ki yi haƙuri da hakan, ba cin kuɗi ba ne.

Tunda al'adarki ba ta da tsari, ki roƙa a duba furolaktin da TSH. Furolaktin shi ne sinadarin ruwan nono. Idan ya yi yawa yana hana sakin ƙwai, wata ma har nono take gani ba ta shayarwa. Fargaba da matsa nono da wasu magungunan amai da na ƙwaƙwalwa duk suna ɗaga shi, don haka ki je da safe, ki zauna ki huta kafin a soka allura, idan kuma ya ɗan hau kaɗan a sake kafin a yanke hukunci. TSH na duba aikin halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Waɗannan biyun ina son a same su da wuri, domin ƙwayoyi ne maganinsu, kuma mata da yawa al'adarsu na daidaita bayan an fara. Idan kina da gashi a haɓa, ƙuraje a fuska da ƙiba mai wuyar sauka, ki faɗa wa likita kada ki ji kunya. Zai duba PCOS, wato larurar rikicewar sinadarai da kan hana sakin ƙwai a kan kari, ya haɗa da sikanin da gwajin suga.

AMH kuwa kowace rana ana yinsa, amma yana da tsada, kuma adadin ƙwan da ya rage kawai yake nunawa. Bai faɗin ingancinsu, bai kuma ce ba za ki ɗauki ciki ba. Ni dai ban ga dalilin fara kashe kuɗi a kansa ba sai likita ya nema.

Yanzu ga maganar da ba a son ji. Ina maigidan? A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajinsa na farko ma ba na jini ba ne, na maniyyi ne, bayan ya ƙaurace wa kwanciya na kwana 2 zuwa 7, kuma ya fi naki sauƙi da arha. Samun ƙarfin kwanciya ba hujja ba ce, haka nan haihuwa da ya yi da uwargida shekarun baya ba ta wanke shi a yau ba. Sai in maniyyin ya nuna rauni ake ɗibar jininsa da safe a duba testostaron, wato sinadarin maza, da FSH. Ki lallaɓa shi cikin ladabi, ki ce likita ne ya ce ku zo tare, gaskiya ce kuwa. Ki kuma gargaɗe shi kan allurar testostaron da wasu ke yi don ƙarin kuzari, domin tana rage maniyyi ƙwarai.

Ki sani jini ba ya nuna toshewar hanyar ƙwai. Ko duk sakamakonki ya fito lafiya lau, sai an yi hoton HSG, wanda ake zuba ruwa ta bakin mahaifa bayan kin yi tsarki, kafin a san hanyoyin a buɗe suke.

Ina roƙonki ki ajiye Clomid ɗin kemis, ƙwayar nan da ake sha don sakin ƙwai, da duk wani haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba, har ki ga likita. Mu Sakkwatawa an san mu da kayan mata, ban raina su ba, amma gyaran jiki daban, maganin rashin sakin ƙwai daban. Daga yau ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar zuwan jini da ranar ɗaukewarsa. Ranar asibiti ki tafi da shi, da kwalayen duk abin da kika sha, ki kuma ambata idan kin taɓa yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku, domin bayan an daina ta jiki kan ɗauki watanni, wani lokaci har kusan shekara, kafin ya koma sakin ƙwai.