Tambaya da Amsa: Nod ɗina na Bitcoin ya maƙale a kashi 60, intanet ne ko kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na sauke Bitcoin Core a laftof ɗina don ina so in riƙa tabbatar da kuɗina da kaina ba sai na jingina da walet ɗin wani ba. Ranar farko gudu yake kamar me, kafin in kwanta har ya wuce bulok ɗin shekarar 2015, amma yanzu ya fi sati yana jan ƙafa a wajen kashi 60, wani lokacin ma sai ya rubuto min wai saura makonni. Ram ɗina giga 8 ne, kuma na ɗora komai a kan eksitanal na tera 1 irin mai juyawar nan. Data kam na saya har na gaji. Dan Allah matsalar sabis ce ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh gaskiya ni ban ga laifin sabis a nan ba, eksitanal ɗin nan naka shi nake zargi, kuma ka daina ƙara data tukuna har ka gama karanta wannan.

Mutane suna ɗauka nod, wato kwamfutar da ke bin tarihin Bitcoin tana tantance shi da kanta, saukewa kawai yake yi kamar ana sauke fim, alhali saukewar ita ce ƙaramin aikin. Bulok shi ne shafin da ake tara mu'amaloli a ciki, jerinsu kuma shi ake kira sarƙa. Tun daga bulok na farko na 3 ga Janairu 2009 har zuwa na yau, manhajar tana bin kowace mu'amala ɗaya bayan ɗaya tana duba cewa kuɗin da aka kashe da gaske akwai su kuma ba a riga an kashe su a baya ba. Bulok ɗin 2009 da 2010 kusan duk fanko ne, mu'amala ɗaya ko biyu a ciki, shi ya sa ka ga ya yi ta tsallake su kamar da wasa. Daga 2016 zuwa sama kuwa bulok cike suke, wani gyara da ake kira SegWit ya zo a Agustan 2017 ya ƙara musu wuri, sannan a 2023 masu cusa hotuna da rubuce-rubuce cikin bulok suka shigo da ƙarfinsu. Kason nan da kake kallo ma ba da lambar bulok ake lissafa shi ba, da kiyasin yawan mu'amaloli ne, kuma jimillarsu ta haura biliyan 1 tun 2024, kaga kenan kashi 60 na nufin kana wajejen 2022 ne, mafi nauyin tafiyar yana gaba.

A nan gizo ke saƙar. Nod yana riƙe da wani kundi na duk kuɗin da ba a kashe ba tukuna, shi ake kira UTXO, yana zaune a foldar da ake kira chainstate. Duk mu'amalar da ta zo sai an leƙa kundin nan an nemo kuɗin da take son kashewa, a goge su, a rubuta sababbi, kuma neman ba a jere yake ba, wannan yana can wancan yana can. Kundin ya kusa ninkawa biyu daga 2023, yanzu foldar ta haura giga 10. Faifai mai juyawa kuwa allura ce take motsi a zahiri kafin ta kai inda bayanin yake, ga shi kuma ta wayar USB. Abin kamar yaron shago ne da babu kanta a gabansa, duk wanda ya zo sayen ashana ɗaya sai ya ruga sito ya dawo. Kantar ita ce dbcache, wato yawan ram ɗin da ka yarje wa manhajar ta ajiye kundin a kusa da ita, kuma shekara da shekaru abin da take zuwa da shi mega 450 ne kacal, saboda an yi saitin ne don ƙananan na'urori ma su iya ɗauka.

Don haka ka buɗe fayil ɗin bitcoin.conf ka rubuta dbcache=4000 a layi shi kaɗai, ka rufe manhajar ka sake kunnawa. Da ram giga 8 kar ka wuce haka, kuma ka rufe burauza da duk wani abin da ke cin ram, don in ram ya ƙare Windows zai koma aro daga faifai ne sai ka ga abin ya fi da muni. Idan ya gama sai ka cire layin.

Na biyu kuma shi ya fi muhimmanci, in dai faifan cikin laftof ɗinka SSD ne, wato irin wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, to ka raba kayan biyu. Akwai saitin blocksdir da aka yi don irin wannan. Manyan fayilolin nan masu suna blk da rev su zauna a eksitanal, ba su da matsala don a jere ake rubuta su, amma foldar chainstate da foldar index da ke cikin blocks su koma SSD na ciki. Ka rufe manhajar gaba ɗaya kafin ka taɓa komai, ka kwafa ba yankewa ba, sai ka ga ta tashi lafiya sannan ka goge tsohon. Ba sai ka fara daga farko ba. In kuma faifan cikin ma mai juyawa ne, ni a ganina kuɗin da za ka zuba a data gara ka haɗa ka sayi ko ƙaramin SSD ne.

In kana son ka gani da idonka, ka buɗe Task Manager lokacin da yake aiki. In ka ga layin faifai ya manne a kashi 100, shi kuma intanet yana kwance yana ɗan motsi jefi-jefi, toh ka kama ɓarawon. Ka kuma hana laftof ɗin yin barci in an rufe murfi, ka ɗaga shi daga kan katifa, zafin Zariya a watan Afrilu kaɗai ya isa ya sa furosesa ta rage gudu da kanta.

Kuma fa ka gode Allah ba a zamanin da kake wannan aikin ba. Kafin 2015 manhajar daga wajen nod ɗaya tak take jan bulok, in ka faɗa hannun mai rarraunan intanet shi kenan ka zauna, har mutane suka koma sauke wani fayil bootstrap.dat ta toren don su huta. Siga ta 0.10 da ta fito a Fabrairun 2015 ita ta kawo gyaran Pieter Wuille, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar, na fara sauke kawunan bulok, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ke saman kowane bulok. Kowane kai bayit 80 ne, ko bulok 900,000 ne duka bai wuce mega 72 ba, cikin mintuna nod ya san wace sarƙa ce ta fi aikin haƙa a kanta, wato lissafin da ake yi kafin a samar da kowane bulok, sannan ya raba saukewar cikakkun bulok ɗin ga nod da yawa lokaci guda, wanda ya tsaya jan jiki a sallame shi a kama wani. Kafin nan siga 0.8 a 2013 ta koma ma'ajiyar bayanai mai suna LevelDB ta ware kundin UTXO daban. A 2016 siga 0.12 ta bar kayan aikin OpenSSL ta koma na libsecp256k1 wajen duba sa-hannun mu'amaloli, wanda a kwamfutocin 64-bit ya ninka gudun dubawar fiye da sau biyar. Sai 0.14 a 2017 ta kawo assumevalid, wato akwai wani bulok da masu rubuta manhajar suka sa lambarsa a ciki, duk bulok ɗin da ke ƙarƙashinsa ba a sake duba sa-hannunsu, amma lissafin kuɗin da aikin haƙar duk ana dubawa. Wasu masu tsauri suna kashe shi da assumevalid=0. Haƙƙinsu ne, amma a laftof irin naka ban ba ka shawara ba, ai manhajar da ka yarda ka kunna ita ce dai take ɗauke da lambar, kuma a buɗe take kowa na iya dubawa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni daga Maraɗi nake, na ji an ce in mutum ya sa prune nod ɗin ba ya cin data, gaskiya ne? Kuma wuta a unguwarmu sai a hankali, in ta ɗauke ana cikin aikin ya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa wanda ya faɗa miki haka ya haɗa abu biyu ne. Prune wurin ajiya yake ragewa ba data ba. Nod ɗin sai ya sauke sarƙar nan duka, sama da giga 600, ya duba kowane bulok, sannan ya riƙa goge tsofaffin yana tafiya. Ya shigo tun siga 0.11 a 2015, mafi ƙanƙantar abin da ake sawa prune=550, wato mega 550 na bulok ɗin baya-bayan nan, ga kuma chainstate da ba ya goguwa. In faifanki ƙarami ne yana da amfani sosai. In data ce damuwar, sai dai ki nemi inda ake da intanet mara iyaka ki yi tashin farko a can, don bayan an kamo kan sarƙar abin da sauƙi, bulok kusan 144 ne a rana. Bayan nan ma za ki iya sa blocksonly=1 don ya daina karɓar mu'amalolin da ba su shiga bulok ba tukuna, da maxuploadtarget don kar wasu nod su kwashe miki data suna jan tsofaffin bulok daga wajenki. Sai dai da blocksonly manhajar ba za ta iya kiyasta miki kuɗin turawa ba, ke za ki sa da hannu.

Maganar wuta kuwa ki riƙe ta da kyau. Abin da ke cikin dbcache a ram yake, in wuta ta ɗauke farat ɗaya abin da bai sauka a faifai ba ya tafi, nod ɗin zai koma baya ya maimaita dubawa, kuma a tsofaffin sigogi iya girman dbcache iya nisan da zai iya komawa. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi ciwo shi ne kundin ya lalace, musamman in eksitanal ne aka fizge. Mai cikakkiyar sarƙa zai gyara da saitin reindex-chainstate, mai sake gina kundin, ba tare da ya sake sauke komai ba, amma mai prune ba shi da wannan gatan, tsofaffin bulok ɗin sun riga sun tafi, sai dai a sake saukewa tun daga 2009. Don haka laftof mai batir mai kyau ya fi desktof a wajenki sai in akwai inbata, kuma da an ɗauke wuta ki rufe manhajar da kanki ki jira ƙaramar tagar nan mai cewa kar a kashe kwamfuta ta ɓace, ko da za ta ɗauki mintuna, rubuta kundin take yi.

Tambaya: Yallaɓai, abokina ya gama nasa tuni, zan iya kwafowa daga wajensa? Akwai kuma wani a guruf da yake sayar da faifai wai an gama komai sai kunnawa.

Amsa: Na abokinka eh, amma akwai yadda ake yi. Ka kwafo fayilolin blk da ke foldar blocks, in sigarsa 28 ce ko sama ka haɗa da ɗan ƙaramin fayil ɗin xor.dat don in babu shi ba za su karantu ba, sannan ka kunna naka da saitin reindex. Kwamfutarka za ta bi su ta gina nata kundin da kanta, in akwai bulok na bogi za ta yi watsi da shi, kaga ka tsira da datarka kuma ba ka miƙa wa kowa amanarka ba. Foldar chainstate ɗinsa ita ce ba na so ka ɗauko, don manhajar ba ta sake tuhumar abin da ta tarar a ciki, duk abin da aka rubuta shi ne gaskiya a wajenta. Foldar walet ɗinsa kuwa ko kusa da ita kar ka je. Shi kuma na guruf ka bar shi da faifansa, ba ka san abin da ya dasa a ciki ba, irin waɗannan har manhajar suke haɗowa da ita, kai kuma za ka zuba kuɗinka a kai.

In sauri kake, akwai hanyar da aka yi ta a fili, assumeutxo, aikin James O'Beirne. Umarnin loadtxoutset ya shigo a siga 26 a ƙarshen 2023, sai siga 28 a Oktoban 2024 ta buɗe shi ga ainihin sarƙar Bitcoin daga bulok na 840,000. Za ka samo fayil ɗin hoton kundin UTXO na daidai wannan bulok ɗin, ko daga wajen wa ka samo ba damuwa, don manhajar tana da zanen yatsan fayil ɗin a cikinta, in bai dace ba ba za ta karɓa ba. Daga nan sai ta ɗora zuwa yau ka fara amfani da nod ɗinka, a bayan fage kuma tana ci gaba da bin tarihi tun daga bulok na farko har ta iso 840,000 ta gwada nata lissafin da na hoton. Ka lura dai, jira yake rage maka, data kam sai ka biya duka, kuma kafin binciken bayan fagen ya kammala kundi biyu take riƙewa a faifai, don haka ka bar mata wuri a SSD ɗin. Sababbin sigogi suna ƙara hotunan bulok na gaba, ka duba bayanin sigar da ka sauke ka ga wace lamba take karɓa kafin ka ɓata data a kan fayil ɗin da ba nata ba.