Tambayoyinku ga likita: tabo ne a haƙorin yaro ko ruɓewa?

Tambaya: Likita, tun da na fara ba 'yata maganin ƙarin jini na ruwa haƙoranta suka yi baƙi. In daina ba ta?

Amsa: Kada ki daina, Malama. Sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ne ya rina saman haƙorin kawai, kuma gogewa da buroshi na rage shi. Ki riƙa ba ta ruwa bayan kowane sha.

Tambaya: Ɗana shekararsa 3, haƙoransa na gaba na sama sun yi ruwan ƙasa kusa da dasashi. Kakarsa ta ce tsutsa ce, a ƙyale shi tunda zai yi famfara.

Amsa: Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Hajiya, ki ɗaga leɓensa na sama a cikin haske ki duba da kyau, domin launi kaɗai ba ya bambanta su. Tabo yana zama ne a kan haƙori mai santsi da ƙarfi, ba ya ciwo, ba ya cin jikin haƙorin. Ruɓewa kuwa takan fara da wani farin layi kamar alli a gindin haƙori, sannan ya koma ruwan ƙasa, wurin ya yi laushi, ya fara marmashewa har ya zama kogo, yaro ya riƙa kuka idan ya sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. Abin da kika bayyana ya fi kama da ruɓewa.

Babu wata tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne ke mayar da sukari tsami mai zaizaye haƙori, musamman ga yaron da ke kwana da bulumbotin shayi a baki. Batun famfara kuma, sai wajen shekara 6 take farawa, wasu turamen ma sai ya kai 10 zuwa 12, kuma ruɓaɓɓen haƙori yana iya tara mugunya ya lalata na dindindin da ke ƙarƙashinsa. Ki kai shi wurin likitan haƙori a wannan makon. Don Allah a daina cusa wa yara ruwan batir, garin taba ko asfirin a kogon haƙori, ƙona dasashi kawai suke yi! Idan kumatu ya kumbura ko zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti a ranar.

Tambaya: A Kaltungo muke, yawancin yaranmu haƙoransu dabbare-dabbare ne. Za mu iya kankarewa da gawayi?

Amsa: A'a, Malam. Yawan sinadarin fuloraid ne a ruwan sha, kamar yadda aka sani a Langtang da Tibiri ta jihar Maradi. Tabon a cikin haƙorin yake, gawayi da lemon tsami sai dai su cinye samansa. A gwada ruwan rijiyar, kuma likitan haƙori ya duba yaran.

Tambaya: Kafso ja da rawaya yana ɓata haƙori?

Amsa: Ƙwarai. Tetracycline ne, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan aka ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, yakan bar tabon da ba ya fita a haƙoran yaron. Gudawar yaro, ko da an ce ta fitar haƙori ce, ruwan gishiri da sukari da asibiti take buƙata, ba wannan kafson ba.